Majinyacin Da Ba Ya Magana

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwarzo ko ta Kabo ya san da wuya mutum ya shiga gida ya fito bai ga dabba ba. In babu rago a turke, akwai akuya da 'ya'yanta a bayan ɗaki. In babu akuya, akwai kaza tana tono a gindin rumbu. Waɗannan dabbobi su ne asusun talaka. Ran da aka yi haihuwa, rago ake nema don suna. Ran da yaro ya kwanta ciwo, ko aka ce a kawo kuɗin littattafai, akuya ake ja zuwa kasuwar Getso a sayar. Saboda haka in dabba ta mutu a gida, har da kuɗin magani da na makaranta aka binne.

To, dabba tana ciwo kamar yadda mutum ke yi. Amma ku lura da wani bambanci. Mutum in ba shi da lafiya yakan tafi asibiti ya ce, "Kaina ke sara," ko kuwa, "Cikina ke murɗa tun jiya." Jariri ma, da ba ya iya magana, yana da uwa mai faɗa masa. Akuya kuwa ba ta cewa kome, sai dai ta tsaya ta sunkuyar da kai. Yaya ke nan ake yi a san abin da ke damunta? Abin da na tafi koyo ke nan, shi ne kuma zan ba ku labarinsa.

Cikin shekarar 2017, bayan na gama makarantar sakandare, mahaifina ya kai ni wurin wani likitan dabbobi mai ɗan ƙaramin asibiti a Gwarzo, don in koyi aiki a hannunsa kafin in wuce makaranta ta gaba. Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa. Ɗaki guda na magunguna ne, da firji a cikinsa. Ɗayan yana da tebur na ƙarfe inda ake kwantar da dabba. A ƙarƙashin rumfa akwai turaku da sikeli da randar ruwa. A ƙasashen Turai irin wannan ƙaramin asibiti karnuka da kyanwoyi aka fi kaiwa. Mu kuwa a nan awaki da tumaki da kaji su ne masu yawa, sa'an nan karnukan mafarauta da na gadi, jifa-jifa kuma jaki. Mutanen gari Likita suke ce masa, ni kuwa Malam nake ce masa, gama malamina ne.

Ran da na fara, Malam ya miƙo mini tsintsiya da bokiti da sabulu. Ya ce, "Ɗana, aikinka na farko ke nan. Duk dabbar da ta sauka daga teburin nan, ka wanke shi kafin wata ta hau. Duk wadda ka taɓa, ka wanke hannunka. In ba haka ba, mu da kanmu za mu riƙa ɗaukar cuta daga akuyar wani mu ba ta wani." Sa'an nan ya nuna mini wani benci a gefen rumfa, ya ce, "Aikinka na biyu, ka zauna nan ka duba. Allura tana nan tafe, amma ido ne gaba da ita."

Na yi mako biyu a kan bencin nan. In an kawo dabba, Malam ba ya gaggawar kama ta. Sai ya tsaya daga nesa kaɗan, ya bar ta ta natsu, yana faɗa mini abin da yake gani. A nan na koyi cewa akuya mai lafiya idonta garau yake, kunnuwanta suna motsi, gashinta a kwance yana sheƙi, in ta kwanta tana tuƙa, kashinta kuma ƙwaya-ƙwaya ne. Wadda ba ta da lafiya kuwa takan ware kanta daga 'yan'uwanta, ta daina tuƙa, gashinta ya tashi, wani lokaci ka ga majina a hanci, ko kwantsa a ido, ko ƙazanta ta ɓata mata wutsiya. Duk wannan ana ganinsa tun ba a sa mata hannu ba.

Bayan ido sai hannu. Malam ya koya mini in ja fatar idon akuya ta ƙasa in dubi cikinta. In ja ce, akwai jini isasshe. In ta yi fari fat kamar takarda, galibi tsutsar ciki ce ke shanye mata jini, wannan kuwa ya fi yawa da damina. Ya koya mini in tsunkuli fatar wuya in saki. In ta koma nan da nan, jiki yana da ruwa. In ta tsaya a tsunkule, zawo ko ƙishirwa sun ƙarar da ruwan jikin. Ya kuma sa na dunƙule hannu na ɗora a kwiɓinta na hagu. Da na yi shiru sai na ji wani abu ya taso ya ture mini hannu, sa'an nan ya koma. Ashe tumbi ne ke juya abinci, yakan yi haka sau ɗaya ko biyu cikin minti guda. In ka jira ba ka ji motsin nan ba, to, akwai magana.

Akwai kuma ma'aunin zafin jiki, wanda ake sa wa dabba a dubura. Zafin jikin mutum mai lafiya wajen digiri 37 ne. Na akuya da tunkiya wajen 39, na kare tsakanin 38 da 39, na kaza kuwa yakan kai 41 ko ya ɗan fi. Kun ga ke nan zafin da zai kwantar da mutum, a wurin kaza lafiya ce lau. Don haka tilas mai wannan aiki ya san kowace dabba da nata awon.

Har shekaru ma a baki ake karanta su. Akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. A ƙasa suna da guda 8. Suna famfara kamar yadda kuke yi. In rago ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ƙananan haƙora biyu na tsakiya sukan faɗi, manya masu faɗi su fito. Haka za su yi ta canzawa biyu-biyu, har in ya kai wajen shekara 4 duka sun zama manya. Gab da Babbar Salla mutane da yawa sun kawo raguna don a duba musu baki, kada a sayar musu da tsoho a ce yaro ne.

Amma ido da hannu ba su isa ba sai da tambaya. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, in maigida ya kawo dabba, bayan sun gaisa sai Malam ya ce, "Alhaji, wa ke kiwonta?" Sau da yawa sai a ce ai yaro ne, ko yarinya. Sai ya ce a kirawo su. Domin maigida yana gona ko yana kasuwa, bai san kome ba sai da ciwo ya yi tsanani. Yaron da ke ba ta dusa da harawa kuwa ya san ran da ta fara rage ci, ya san inda ta yi kiwo shekaranjiya, ya san ko ta shiga gonar wani. Na ga yarinya 'yar aji uku ta ba Malam amsar da ta warware masa abin da manya uku suka kasa faɗa.

Sa'an nan aka zo ga kamu. Dabbar da aka kawo asibiti a tsorace take, in an yi mata da ƙarfi sai ta ji wa kanta ko mai riƙon rauni. Ba a jan akuya ta ƙafa ko ta kunne. Hannu ɗaya ake sa mata a ƙarƙashin haɓa, a matse ta a jikin gwiwa, ana shafa ta. Tunkiya in an zaunar da ita a kan gindinta, bayanta ya jingina da ƙafafunka, sai ta yi lamo kamar an ɗaure ta. Kare kuwa, ko mai shi ya rantse ba ya cizo, sai an sa masa takunkumi, gama zafin ciwo yakan sa ya manta da ubangidansa. Jaki kuma ba a tsaya masa ta baya.

Sai da na yi wata guda kafin Malam ya ba ni sirinji. Da farko ma a jikin lemo na yi ta gwadawa, har hannuna ya daina rawa. Ya koya mini cewa wata allura a ƙarƙashin fata ake yin ta, wata a cikin tsoka, wata a jijiya, kowace da inda aka yi ta dominsa. Kafin a zuƙi magani sai an ɗora dabba a sikeli, don da nauyinta ake auna shi. Ran da na yi wa wani ɗan bunsuru allura ta farko, ya yi ɗan kuka ya koma cin harawarsa, Malam bai ce kome ba sai, "Madalla. Kawo na gaba." A ran nan abincin dare ya yi mini daɗi ƙwarai.

Cikin dukan dabbobin da aka kawo mana, akwai wata jar akuya da ba na mantawa da ita. Da rani ne, wata tsohuwa ta zo da ita daga wani ƙauye a wajen Garo, cikin ƙasar Kabo, jikanta ya riƙe ta a kan babur. Akuyar ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma cikinta ƙato. Tsohuwa ta ce, "Likita, wata uku ke nan ina tsammani ciki ne da ita, ga shi ba ta haihu ba, ba ta kuma ci. Ita kaɗai ta rage mini, da ita nake sa ran yi wa yarinyar nan kayan ɗaki."

Malam ya danna kwiɓin hagu, ya sa ni ma na danna. Maimakon laushi sai na ji wani abu dunƙule mai tauri. Ya dubi jikan, ya ce, "Samari, ina take kiwo?" Yaro ya ce, "A bayan kasuwa, wajen juji." Malam ya juya wurin tsohuwa, ya ce, "Inna, ba ɗa ba ne a cikin nan, leda ce. In an bar ta, yunwa za ta kashe ta ko da abinci na gabanta. In kin yarda sai mu buɗe mu fitar. Ba na yi miki alkawarin za ta tashi, gama ta galabaita, amma ina sa rai." Tsohuwa ta yi shiru, can ta ce, "A yi, Allah ya ba da sa'a."

Ga dalilin abin. Cikin akuya da na tunkiya da na saniya kashi huɗu ne, tumbi shi ne babba. A cikinsa akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa. Amma ba su iya narkar da leda. Da rani, in ciyawa ta ƙare, akuya takan ji ƙanshin mai da gishiri a jikin ledar da aka sayo ƙosai ko awara, sai ta haɗiye. Yau ɗaya, gobe biyu, har su nannaɗe su cika tumbi, abinci ya rasa wurin zama.

Washegari da sassafe muka yi aikin. Ni na aske gashin kwiɓin, na wanke wurin da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Malam ya yi mata allurar da ke kashe wurin don kada ta ji zafi, ya sa safar hannu, ya tsaga fata da tsoka, ya jawo bakin tumbi waje ya tsaga. Ina riƙe da tire ina miƙa masa almakashi da auduga. Sai ga shi yana zaro leda, baƙa da fara, duk sun murɗe kamar igiya, har da tsumma da guntun buhu. Da muka tara su sai da suka kusa cika ƙwarya. Sa'an nan ya ɗinke tumbi, ya ɗinke tsoka, ya ɗinke fata, kowanne daban.

Malam ya ce mini, "Nawa ya ƙare, saura naka." Akuyar ta zauna wurinmu, ni ke wanke mata ɗinki safe da yamma, ina korar ƙuda, ina auna zafin jikinta, ina ba ta ruwa da ɗanyen ganye kaɗan-kaɗan. Kwana biyu tana kwance ba ta kula kowa. A rana ta uku da asuba na leƙa, sai na tarar tana tuƙa. Ban san sa'ad da na ruga na buga wa Malam ƙofa ba. Bayan kwana 10 aka cire zare, jikan ya zo ya ɗauke ta. Da kaka ta zagayo tsohuwar ta aiko wa Malam da kwanon gyaɗa, da saƙon cewa akuya ta haihu. Tun daga ranar aikin nan, in na ga leda a ƙasa sai in tuna da abin da ke cikin ƙwaryar nan.

Kada ku zaci kowace dabba aka kawo tana tashi. Akwai wani ƙosasshen rago da ya tsinke igiya bayan girbi, ya faɗa wa gyauron dawa. Ɗanyen tohon dawa yana da dafi mai saurin kisa, manoma sun daɗe da sanin haka. Kafin a iso da shi ya riga ya fara shure-shure, ba abin da ya rage sai wuƙa. Akwai kuma wani mutum da ya sayo akuya mai araha a kasuwa, ya sake ta cikin garkensa a ranar. Bayan mako guda awakinsa suka kama zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, amma fiye da rabinsu suka mutu. Da ya ɗaure baƙuwar a gefe guda mako uku yana dubanta, da kuma an yi wa nasa rigakafi, da bai yi wannan hasara ba.

Wannan annoba ta awaki da tumaki an fara bayyana ta ne a ƙasar Kwaddebuwa cikin 1942. 'Yar'uwa ce ga wata babbar annoba ta shanu da ake kira bushiya, ba bushiya mai ƙaya da kuka sani ba. Wajen 1890 ciwon bushiya ya ratso Afirka ya iso ƙasar Hausa, ya kashe shanu ba iyaka, Fulani da yawa suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Don yaƙi da shi aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, cikin 1924. A 1962 aka fara wani babban gangamin allura a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Da aka yi sakaci ciwon ya komo, ya yi ɓarna mai yawa a Nijeriya cikin 1983, ku tambayi kakanninku za su ba ku labari. Aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya duka. Ita ce cuta ta biyu da 'yan Adam suka kawar, bayan agana da aka yi shelar ƙarewarta a 1980. A 2015 kuma ƙasashen duniya suka taru a birnin Abijan, suka ƙulla niyyar kawar da annobar awaki da tumaki zuwa 2030. Da me aka ci bushiya? Da mutane masu bin ruga-ruga da allura a hannu. Gaskiyar masu iya magana, rigakafi ya fi magani.

Ni ma na sami rabona cikin irin wannan yawo. Da sanyin hunturu ya fara, muka riƙa fita ƙauyukan Gwarzo da na Kabo a kan babur. Tun da dare ake gaya wa mai unguwa, ya sa a yi shela kada a saki dabbobi da safe. Ni ke goye da kular ƙanƙara, domin maganin rigakafi in ya sha zafi ya lalace, ko an yi shi kamar an yi ruwa ne. A lokacin nan ne annobar kaji ke tashi, wadda ke sa su zawo da murɗewar wuya, ta share akurki cikin 'yan kwanaki. Masana suna kiranta da sunan wani gari na Ingila, Niyukasil, inda ta ɓulla a 1926. Rigakafinta ɗigo ɗaya ne a ido. Yara su ke kamo kaji, ni ina ɗigawa. Wata mata ta ce mini, "Ɗan nan, kajina lafiyarsu ƙalau, me zai sa a ba su magani? Ga ta maƙwabciyata can tana gyangyaɗi, ita za ka ba." Na ce, "Iya, wannan ba ya warkar da wadda ta kamu. Katanga ce, tun ɓarawo bai zo ba ake gina ta." Ta yi dariya, ta ce wa 'yarta ta kamo su.

Wata rana kuma Malam ya kai ni kwata da asuba, muka gai da mahauta, ya sa aka nuna mini hantar wata saniya. Da aka tsaga ta sai ga waɗansu tsutsotsi masu faɗi kamar ganye. Ya ce ƙwansu yana fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a ruwa, 'ya'yan su shiga jikin ƙananan dodon koɗi, daga nan su fito su manne a ciyawar bakin ruwa, dabba ta ci. Shi ya sa masu kiwo a fadamu da bakin madatsun ruwa, irin ta Guzuguzu a ƙasar Kabo, ya kamata su riƙa ba dabbobinsu maganin ciwon hanta a kan kari. A kwata na ga da idona abin da dā hannuna kaɗai ke lalube ta bayan fata.

Akwai ranar da na gane cewa mai duba dabba mutane ma yake tsarewa. Wani mutum ya shigo a guje da ɗansa, kare ya cije shi a ƙauri. Malam ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce in kawo sabulu da buta. Muka yi ta wanke ciwon, ina zuba ruwa yana cuɗawa, yana duban agogo, har minti 15. Sa'an nan ya ce wa uban, "Malam, kada ka koma gida, kada ka tsaya neman gashin karen ko wani tofi. Ka wuce asibitin mutane yanzu a fara masa allura." Karen kuwa aka kulle shi kwana 10 ana dubansa. Allah ya sa lafiyarsa lau, yaron ma ya warke.

Abin da Malam ke tsoro shi ne ciwon haukan kare. Yana cikin miyau, ya shiga ta wurin cizo, ya bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira. Amma in an wanke ciwon nan da nan, aka kuma yi allura da wuri, ana tare shi a hanya. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis Pasteur shi ya fara gwada wannan allura cikin 1885, a jikin wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuwa ya rayu. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, wajen 4 cikin 10 kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Saboda haka in kare ya ciji ɗayanku, ko ya karce shi, kada ya ɓoye don tsoron faɗa. Mai kare kuma ya kai shi a yi masa rigakafi tun yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa.

Har wa yau Malam ya gargaɗe ni a kan magani. Mutane da yawa sukan sayi ƙwaya a kasuwa su ɗura wa dabba ba awo, in ta ɗan farfaɗo su daina. Yin haka yana sa ƙwayoyin cuta su saba da maganin, har ya zama ba ya cin su. Dabbar da ake yi wa magani kuma ba a shan nononta, ba a cin namanta, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika, don kada saura ya shiga cikin mutane.

Na yi wata 10 a hannun Malam. Da zan tafi ya ce mini, "Abin da ka samu nan rabi ne. Tafi ka nemi ɗaya rabin a littafi, don ka san dalilin abin da hannunka ke yi." Gaskiya ya faɗa, gama aikin likitan dabbobi ilmi ne mai zurfi. Makarantarsa ta farko a duniya an kafa ta a birnin Liyon na Faransa cikin 1761. A ƙasarmu, bayan an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, ba a daɗe ba aka buɗe sashen koyar da shi a can. Mai son zama cikakken likita yakan yi shekara 6 a jami'a, akwai kuma kwalejojin da ke horar da mataimaka. Amma ko a can, ba a ba ɗalibi takarda sai ya tsaya a gaban dabba mai rai ya nuna abin da ya iya.

To, yara, ku da ke kai awaki kiwo kuna ba kaji tsaba, kun riga kun zauna a kan bencin da na fara zama. Kowace safiya, kafin ku tafi makaranta, ku tsaya ku dubi dabbobin gidanku. Wace ce ba ta taso wurin dusa ba? Wace ce ta daina tuƙa? In kun ga abin da ba ku saba gani ba, ku gaya wa manya a ranar, kada a jira sai ta kwanta. Ku tsince leda daga tsakar gida, ku ba su ruwa mai tsabta, kada ku jefe su, gama su ma suna jin zafi, an kuma hore mu da tausaya musu. Dabba ba ta da bakin faɗin ciwonta, sai wanda ya kula ya faɗa mata. Watakila cikinku akwai wanda wata rana za a kawo wa jar akuyar wata tsohuwa, ya duba, ya gane, ya tashe ta da ikon Allah.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu huɗu da ake gane akuya marar lafiya da su tun ba a taɓa ta ba.
2. Don me Malam yake cewa a kirawo yaron da ke kiwon dabba?
3. Me leda ke yi a cikin tumbin akuya?
4. A wace shekara aka yi shelar ƙarewar ciwon bushiya, da me kuma aka ci shi?
5. Me ya kamata a yi nan da nan in kare ya ciji mutum?
6. Dubi wata dabba ta gidanku kwana uku a jere, ka rubuta abin da ka gani.